Jirginmu na faiba ya tsage tun bai shekara ba, kamfani ya ce laifinmu ne: mu liƙe ko mu jira?

Mai Fito a Marma

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin faiba da waɗanda suka san doka, don abin ya fi ƙarfin zaman majalisarmu.

Ni mai fito ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Guri ta jihar Jigawa, a gefen rafin Marma. Duk wanda ya san yankinmu ya san da zarar ruwan Kogin Haɗeja ya cika a watan Agusta, hanyar mota ta zama labari. Manomi zai je gonar shinkafa, mai ciki za a kai ta asibiti, mai babur zai tsallaka kasuwa, duk sai ta jirgi. Mu bakwai muka haɗa kuɗi da rani, wasu har da sayar da shanun huɗa, muka ba wani kamfani a Fatakwal oda ya ƙera mana jirgin faiba (wato na zaren gilashi da ake daskarar da shi da wani ruwan danƙo) mai tsawon ƙafa 23. Su suka ɗaura masa inji mai doki 40, su suka nemo motar da ta kawo shi har Haɗeja a farkon watan Mayu. A ƙasan rasit an rubuta garantin shekara ɗaya a kan gangar jikin jirgin. Ni aka damƙa wa amanar tuƙinsa.

Tun ƙarshen Yuli na lura idan ka taka daɓen cikinsa, daf da benci na uku, sai ka ji yana lotsawa ƙarƙashin ƙafa. Na tura wa manajansu saƙon murya ta WhatsApp, ya ce haka faiba take, kada in damu. Yanzu ga shi ya tsage ta ƙasa, a gefen ƙashin tsakiya da ya bi tsawon gindin jirgin, tsagar ta kai kamu ɗaya, miƙaƙƙiya sak. Da safe sai yaro ya kwashe ruwa da bokiti kafin mu tashi, kafin azahar ya sake taruwa har idon sawu.

Da na kira su, maganganu uku suka yi mini. Wai mun daki kututture a cikin ruwa. Wai muna lodi fiye da kima. Sannan idan muna son su duba, mu ɗauko jirgin mu kai musu Fatakwal da kuɗinmu, kuma duk wanda ya taɓa shi da gyara kafin nan, garanti ya tashi. Kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya cinye duk abin da muka samu a daminar nan.

Wallahi ban daki komai ba. A ruwan nan aka haife ni, na san inda kowane kututture yake, abin da ke damunmu ciyawar kacala ce da ke naɗe farfela, ita kuwa ba ta fasa jirgi. Akwai wani mai gyaran bambar mota a Haɗeja da ya ce zai zo ya liƙe mana a yini ɗaya. Abokan tarayyata huɗu suna son a kira shi gobe, don yanzu ne lokacin samu. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Mu liƙe mu haƙura da garanti, ko mu ajiye jirgi mu bi haƙƙinmu? Idan bi za mu yi, ta ina ake farawa?

Mai Faiba na Tiga

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya mayar da alheri. Aikina ke nan, jiragen masunta da tankunan ruwa nake gyarawa a nan gefen dam. Kafin ka kira kowa, ka fitar da jirgin nan daga ruwa, ku kifa shi a kan tayoyi a ƙarƙashin rumfa, ka wanke gindinsa tas. Shi da kansa zai gaya maka wanda ke da gaskiya.

Karo ba ya ɓuya. Inda jirgi ya daki abu, za ka ga wurin ya ƙuje ko ya lotsa, fatar nan ta waje mai sheƙi ta ɓare, tsagu ƙanana sun watsu daga wuri ɗaya zuwa ko'ina. Sau da yawa ma akwai dogon karce da ya bi tsawon jirgin kafin ya kai ga wurin. Amma tsaga miƙaƙƙiya da ta bi gefen ƙashi, ba karce, ba ƙujewa, bayan daɓe ya daɗe yana lotsawa, wannan ta fi kama da wurin da ya yi ta lanƙwasuwa har ya gaji. Dalili biyu ne ke kawo haka: ko an yi rowar shimfiɗa a wurin, ko haƙarƙarin da ke riƙe gindin daga ciki bai kama ba ya saki.

Ga yadda ake yin jirgin, don ka san abin da kake nema. A cikin mazubi ake fara shafa fatar waje, sai a shimfiɗa tabarmar faiba a jiƙa ta da rezin, wato ruwan danƙon da ke haɗe zaren, wanda aka gauraya da maganin daskarewa, a bi da abin murzawa a fitar da iska, a sake shimfiɗa wata a kai, haka har kauri ya kai. Idan ma'aikaci ya yi sauri bai murza ba, iska za ta maƙale. Idan ya yi tsimin rezin, zaren zai zauna a bushe. Idan aka bar shimfiɗa ta farko ta daɗe da bushewa, ƙura ta hau, aka ɗora ta biyu ba a gurza ba, ba za su kama juna da kyau ba. Duk wannan daga waje ba a gani, fenti yana ta walƙiya, sai jirgi ya fara ɗaukar kaya.

To ka samu ƙaramar guduma ko sifana, ka bi gindin kana ƙwanƙwasawa a hankali, yadda mata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Lafiyayyen wuri zai ba ka ƙara mai kaifi, inda ya rabu a ciki zai yi maka luƙus. Ka zagaye duk inda ya yi luƙus da alli. Idan da'irar allin ta tsaya a bakin tsagar, kamfani na da abin faɗa. Idan ta yi faɗi, ta wuce tsagar da nisa, ko ka sami irinta a ɗaya gefen da bai tsage ba, to magana ta ƙare, kututture ba ya tsallaka ƙashi ya raba faiba a can gefe. Ka kuma haska cikin tsagar da fitilar waya. Faiba mai kyau tana da ɗan duhu, a dunƙule take. Idan ka ga zare fari sol, wanda za ka iya jawowa da tsinke ya biyo ka, rezin bai taɓa shiga wurin ba tun a masana'anta.

Tunda su suka ɗaura inji, ka kwance noti ɗaya na allon baya ka zura waya cikin ramin. Galibi katako ne a tsakiyar allon. Idan ruwa ja ya fito ko katakon ya yi taushi, ba su toshe ramin ba, ka haɗa da shi a cikin ƙorafinka.

Game da mai gyaran bamba, ba raina sana'arsa nake ba, amma bamba ba ta ɗaukar buhu. Abin da zai yi shi ne ya manna faci a kan jiƙaƙƙen wuri. Rezin ba ya kama danshi. Zai riƙe na ɗan lokaci, ranar da zai saki kuwa ba zai yi sallama ba, gaba ɗaya zai ɓalle.

Ɗan Sarkin Ruwa

Yaro, ka bar batun garanti tukuna. Jirgin da ake kwashe wa ruwa har idon sawu kafin azahar, me ya sa yake ɗaukar mutane har yau? Ni mutumin Bagwai ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya tashi daga Badau a kan ruwan dam ɗin Watari, yawancin na ciki yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 aka rasa. Har yanzu akwai gidajen da ba a iya ɗaga maganar a cikinsu. Ka gaya wa abokan naka huɗu, kuɗin fiton damina guda ba ya biyan ran ɗan mutum ɗaya. Ku ɗaure shi yau, ba gobe ba.

Sannan ni dai ra'ayina, mu na Arewa da ke nesa da masu ƙera faiba, na katako ya fi mana kwanciyar hankali. Na mutanen Yawuri idan allo ya ruɓe, kafinta zai cire ya sa wani a bakin ruwa kana tsaye. Na san ya fi nauyi, ya fi shan mai, kuma katako mai kyau ya yi tsada yanzu. Amma ba sai ka nemi izinin wani a Fatakwal ba kafin ka gyara kayanka.

Mai Fito a Marma

Baba, na ji, kuma na karɓa. Tun daren jiya da na karanta maganarka na je gidan mai unguwa, da safe matasa suka taya ni muka ja shi tudu. Akwai tsohon kwalekwalen ƙanin mahaifina, shi ke tsallakar da mutane da gora kaɗan-kaɗan, babura kuwa sai dai su haƙura. Biyu daga cikin abokaina ba sa yi mini magana, amma ba komai.

'Yar Dutse

Malam, sannu da ƙoƙari. Na yi aiki a ofishin lauya, bari in faɗa maka abin da doka ta ba ka, don masu kamfanin nan sun dogara ne da cewa ba ka sani ba.

Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja. Abu uku a cikinta sun shafe ka kai tsaye. Sashe na 131 ya ce mai saye na da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, marar aibi, wanda ya dace da aikin da aka saba yi da irinsa kuma zai yi ƙarko gwargwadon hankali. Sashe na 132 ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, idan ya gaza wannan, kana iya mayarwa, kuma ɗawainiyar mayarwar a kan mai sayarwa take, shi kuma ko ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Na ukun shi ne wanda ya fi muhimmanci a rigimarku: sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin kaya na da aibi. Wato ba kai ne za ka tabbatar ba ka daki kututture ba. Su da ke zaune a Fatakwal, ba su ga jirgin ba, su za su nuna yadda aka yi suka san ka daka.

Inda za su so su kama ka shi ne wata ukun nan, tunda an kawo a farkon Mayu, tsagar kuma ta bayyana bayan haka. Shi ya sa saƙon muryar da ka tura a ƙarshen Yuli ya fi komai daraja a hannunka yanzu. Ka sanar da su aibin a cikin lokaci, manajansu ya ce kada ka damu. Don Allah kada ka goge hirar nan, kada ka canza waya. Ka tura ta zuwa wayar mutum biyu, ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda kwanan wata zai fito. Ban ce wannan kaɗai zai ci maka shari'a ba, amma ya rufe musu bakin cewa sai yanzu ka zo da magana. Ban da haka ma garantin shekara ɗaya da suka rubuta da hannunsu yana nan daram. Ka duba rasit ɗin gaba da baya: an rubuta cewa kai za ka biya kuɗin mota? An rubuta nauyin da jirgin zai ɗauka? Idan ba su taɓa gaya muku iyakar lodi a rubuce ba, da wane ma'auni suka auna cewa kun wuce?

Daga yau ka daina rigima da su ta kira. Ka sa a rubuta takarda da Turanci, gajeruwa: ranar saye, ranar kawowa, ranar ƙorafin farko, abin da aka gani, da abin da kuke nema. Ka nemi abu takamaimai, kada ka ce kawai a duba lamarin. Ka ba su mako biyu, ka ce bayan nan za ku kai ƙara FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet. Ka tura ta WhatsApp da imel, ka kuma aika ta hannun masu kai saƙo da za su karɓo maka sa hannu. Ku bakwai ɗin ku sa hannu gaba ɗaya, don kada gobe su kira ɗaya daga cikinku su lallashe shi da 'yan kuɗi.

Ni da zan ba ka shawara, abin da za ka nema shi ne su turo ma'aikacinsu da kayan aiki ya gyara a nan, ko su amince a rubuce wani ƙwararre na kusa ya gyara su biya, garanti kuma ya ci gaba. Kuɗin motar mutum ɗaya ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba a kan jigilar jirgi, kuma kamfani ya fi saurin yarda da abin da ba zai yi masa ciwo sosai ba.

Almajirin Zaure

Allah Ya saka wa Hajiya. Zan ƙara ta fuskar fiƙihu, saboda abokan tarayyarka da ke fushi, wataƙila wannan ya fi shiga kunnensu.

A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓi: ya riƙe a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuma wani sabon aibi mai ɓatawa ya auku a hannunsa, to ko ya riƙe a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage na daraja, ko ya mayar ya biya na sabon. Abin da ya samu na amfani kafin mayarwa nasa ne, don da abin ya halaka a lokacin, shi zai yi asara. Saboda haka kuɗin fiton da kuka tara halal ɗinku ne, babu mai ce muku ku cire shi.

Amma ga wurin da ya shafi masu cewa a liƙe a ci gaba. Malamai sun ce wanda ya ga aibi sannan ya ci gaba da amfani da abin irin amfanin da ke rage shi, kamar hawan dabba ba tare da larura ba, ana ɗaukar hakan alamar ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. To ajiye jirgin da ka yi ya kare rayuka, ya kuma kare haƙƙin su kansu masu fushin. Ka samu dattawa biyu adilai su ga tsagar da idonsu kafin a taɓa ta.

Mai Fito a Marma

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga abin da ake ciki.

Mun kifa shi a ƙarƙashin rumfar masu sayar da kifi, na bi shi da sifana kamar yadda Mai Faiba ya ce, liman da mai unguwa suna tsaye, ɗan yayana yana ɗauka a waya. Babu karce ko ɗaya, fentin gindin sumul yake. Da'irar allin ta faro daga benci na biyu har ta kusa na huɗu, kuma a ɗaya gefen ƙashin mun sami wata mai faɗin faifai. Da na zura tsinken tsintsiya cikin tsagar, zare fari ya biyo shi, a bushe, har iska na kaɗa shi. Liman ya karɓa ya murza a yatsunsa ya ba abokan nawa su ma suka taɓa. Allon baya kam lafiya lau, wayar a bushe ta fito. A rasit kuma babu maganar lodi, babu maganar kuɗin mota.

Wani malamin sakandare ya rubuta mana takardar, mu shida muka sa hannu, na bakwai ya ce sai ya yi tunani. Bayan mun tura da bidiyon, ba manajan ba ne ya kira, wani ne da ya ce shi ne mai kula da masana'anta. Bai ƙara ambatar kututture ba. Ya ce ba za su iya turo mutum ba, amma za su aiko da rezin da tabarma ta motar Kano, mu nemi mai gyara, su biya rabin ladan aiki. Na ce ya rubuto, har yanzu bai rubuto ba. Hajiya, mu karɓi rabin? Mai Faiba, idan kayan sun iso, me za mu tabbatar an yi?

'Yar Dutse

Kada ka ce e, kada ka ce a'a a baki. Ka tura masa saƙo yanzu: ga abin da ka faɗa mini a waya, ka tabbatar. Ka nemi cikakken ladan aiki, tunda ya daina maganar karo. Idan ta kai ga sassauci, gara ku sassauta a kan kuɗi da ku sassauta a kan layin da zai ce garanti na nan bayan gyara. Mako biyun kuma na ci gaba da tafiya, kada alkawarin baki ya tsayar da shi.

Mai Faiba na Tiga

Da faɗin da ka kwatanta, wannan ya wuce faci. Dole a yanke daɓen ciki a ga haƙarƙarin, don ina kyautata zaton ya saki. Ka gaya musu tabarma iri biyu za su aiko, mai yankakken zare da saƙaƙƙiya, da ruwan asiton na goge wuri, da fatar waje, kuma rezin ya zama sabo, don yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye cikin zafi.

Mai gyara zai gurje duk inda alli ya zagaye har sai ya kai ga lafiyayyar faiba, ya fiƙe bakin wurin a kwance, faɗin fiƙewar ya kai kaurin jikin sau 12. Sai a bar shi ya bushe sarai, a wannan damina ba abin yini ɗaya ba ne. Ka manna leda fara a kan wurin da tef ka bar ta a rana, idan ka ga gumi a cikinta, da saura. Maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne na rezin, a auna da sirinji, kada a zuba da ido, a kuma riƙa haɗa kaɗan-kaɗan da sassafe a inuwa. A shimfiɗa ta ciki da ta waje. Kafin a rufe daɓen ka ɗauki hoton haƙarƙarin yadda aka same shi, ka ajiye guntun da aka yanko a leda, kada ka ba kowa.

Idan an gama, a gwada shi da buhunan yashi a ruwa marar zurfi, a bar shi ya kwana da su, da safe a duba cikinsa kafin mutum ya hau. Ka turo mini hoton da'irar allin da tef ɗin awo a kai, in lissafa maka yawan tabarma da rezin da za ka ce su aiko, don kada su turo rabin abin da aikin zai ci.